Unguwar Tayuri da Kangayen Gidajen Bene na Sabha: Tarihi da Hukunci

 

Tayuri unguwa ce a gefen birnin Sabha, babban birnin yankin Fazzan da ke kudu maso yammacin Libiya. Mafi yawan mazaunanta Abzinawa ne da Tubawa, sai kuma baƙi 'yan ci-rani daga Nijar da Cadi da Mali da Najeriya, cikinsu har da Hausawa. Ba hukuma ce ta yanka filayenta ba, mutane ne suka yi ta kafa matsuguni da kansu, da bulo da kwano da abin da ya sawwaƙa. A wannan birni kuma akwai jerin gidajen bene da gwamnati ta fara ginawa domin magance ƙarancin muhalli, aka bar su kango tun shekarar 2011. Za mu yi bayanin yadda unguwar ta kafu, da dalilin da ya sa waɗannan gine-gine ba su share wa mutanenta hawaye ba, sannan mu kawo abin da malaman fiƙihu suka faɗa a kan fili da gini da tayar da mutane daga gidajensu.

Sabha da alaƙarta da ƙasar Hausa

Tsakanin Sabha da Tarabulus akwai tafiyar kimanin kilomita 770 a mota. Gari ne na hamada wanda ba shi da kogi, ruwan saman da yake samu a shekara da wuya ya kai milimita 10, rayuwarsa ta dogara ne ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. A nan Mu'ammar Gaddafi ya yi wani ɓangare na karatunsa, a nan kuma ya shelanta tsarin Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977. Daga cikin unguwannin birnin akwai Jadid da Gurda da Hajara da Mahdiyya da Manshiyya da Nasiriyya.

Fazzan ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na bi ta Murzuƙ da Gat suna ɗauke da turkudi da fatun Kano zuwa gaɓar teku, fataken Gadamas kuma suna da gidajensu a cikin birnin Kano. A yau hanyar ta koma ta mota: daga Agadas zuwa Dirku, zuwa Madama, a tsallaka iyaka a bi ta Gatrun a sauka Sabha. Da yawa daga cikin magina da leburori da masu aikin gona da ke wannan birni 'ya'yanmu ne, don haka maganar gidajen Sabha magana ce da ta shafe mu.

Yadda Tayuri ta kafu

Abubuwa uku ne suka tara jama'ar Tayuri. Na farko fari. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun ƙarar da dabbobin Abzinawan Nijar da Mali, samari suka nufi Aljeriya da Libiya neman abin yi. Na biyu kiran gwamnati. A 1980 Gaddafi ya yi jawabi a garin Ubari yana gayyatar Abzinawa zuwa Libiya a matsayin ƙasarsu ta asali, aka ɗauki da yawansu aikin soja bisa alkawarin ba su takardar zama 'yan ƙasa. Wasu sun samu, wasu kuwa har suka tsufa suna jira.

Na uku rikicin yankin Auzu da ke kan iyakar Libiya da Cadi. Libiya ta mamaye shi a 1973, ta yi wa Tubawan yankin rajista a matsayin 'yan ƙasarta. Da Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Fabrairun 1994 cewa yankin na Cadi ne, sai hukumomin Libiya suka juya wa waɗanda aka yi wa rajistar Auzu baya, aka soke takardun da yawansu. Ban da waɗannan, akwai makiyaya 'yan asalin hamadar Libiya waɗanda kakanninsu ba su shiga rajista ba lokacin da aka yi dokar zama ɗan ƙasa ta 1954, domin suna daji da raƙumansu.

Mutumin da ba shi da takarda ba ya samun fili daga hukuma, ba ya samun rancen gini daga banki. Sai ya nemi gefen gari ya kafa rumfa, rumfar ta zama ɗaki, ɗakin ya zama gida. Haka Tayuri ta yi ta faɗaɗa, ba tare da tsararrun tituna ko magudanar ruwa ba, wutar lantarki da famfo kuma mafi yawa jaye-jaye ne.

Lambar ɗan ƙasa

Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi, an ɓullo da lambar ɗan ƙasa a 2013, aka tabbatar da ita da doka mai lamba 8 ta 2014. Ana ba da ita ne ga wanda yake da littafin iyali, wato rajistar da ke nuna asalin gidansu. Da wannan lamba ake karɓar albashi da fasfo da tallafin gwamnati, da ita ake zaɓe. Dubban iyalai a kudu da fayilolinsu ba su kammala ba an ba su wata lamba ta wucin gadi, wadda ake kira lambar gudanarwa, tana ba mai ita damar karɓar albashi amma ba ta mayar da shi cikakken ɗan ƙasa ba.

Wannan shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya. Gidan gwamnati na mai cikakkiyar takarda ne. Saboda haka ko da an gina bene dubu a maƙwabtan Tayuri, wanda aka haifa a cikinta, aka haifi 'ya'yansa a cikinta, zai iya zama ba ya cikin jerin masu haƙƙin samu.

Dokokin gidaje da shirin gine-gine

Harkar mallakar gida a Libiya ta daɗe a dagule. Doka mai lamba 4 ta 1978 ta taƙaita wa kowane iyali gida ɗaya, ta hana ba da haya, ta mayar da ɗan haya mai gida. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙona takardun rajistar filaye, aka kuma yi dokar da ta soke mallakar ƙasa ga ɗaiɗaikun mutane. Sakamakon haka masu kuɗi suka daina gina gidaje, nauyin ya koma wuyan gwamnati ita kaɗai, ita kuma takunkumin shekarun 1990 ya ɗaure mata hannu.

Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗage takunkumin a 2003, farashin mai kuma ya tashi, sai aka kafa hukumar gidaje da ababen more rayuwa, aka ƙaddamar da gagarumin shiri na gina gidaje fiye da 150,000 a faɗin ƙasar. Kamfanonin Sin da Turkiyya da Indiya da Koriya suka karɓi kwangila. Ana tsakiyar aiki juyin juya halin Fabrairun 2011 ya ɓarke. Ƙasar Sin kaɗai ta kwashe mutanenta 35,860 cikin 'yan kwanaki, har ta aiko da jiragen soja huɗu filin jirgin Sabha domin ɗaukar ma'aikatanta da ke kudu. Gine-ginen suka tsaya yadda aka bar su: wasu an yi dakin babu ƙofa babu taga, wasu ginshiƙai ne kawai da rodi a tsaye.

Har yau mutanen yankin suna kiran waɗannan wurare da sunan ƙasar 'yan kwangilar. A Sabha akwai rukunin da aka sani da Kamfanin Indiya, a Ubari kuma akwai Kamfanin Sin.

Abin da kangayen suka jawo

Kango ba ya zama babu mai shi. Iyalan da ba su da muhalli da waɗanda yaƙi ya koro suka shiga, suka toshe tagogi da bulo, suka rataya bargo a maimakon ƙofa, suka jawo wuta da kansu. Gine-gine ne masu hawa-hawa da ba a haɗa su da bututun ruwa ko na bahaya ba, don haka wahalar da aka gudo wa a unguwa ita aka tarar a saman bene. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai su ma suka kama nasu rabon, domin dogon gini a fili wuri ne na tsaro da hange.

Sabha ta sha faɗan ƙabilanci a waɗannan shekaru. A watan Maris 2012 faɗa tsakanin Tubawa da mayaƙan ƙabilun Larabawa, musamman Aulad Sulaiman, ya ci kusan mutum 150, kuma an yi wa Tayuri ruwan manyan makamai. An sake gwabzawa a Janairun 2014. A watan Yulin 2015 yaƙin Abzinawa da Tubawa da aka fara a Ubari ya shigo cikin Tayuri kanta, maƙwabtan da suka shekara talatin suna salla a sahu ɗaya suka juya wa juna bindiga, gommai suka mutu, ɗaruruwan iyalai suka fake a makarantu. Kowane zagaye na faɗa yana ƙara yawan marasa gida, yana kuma ƙara raba garin gida-gida bisa ƙabila, har ya zama rukunin gidaje ana saninsa da ƙabilar da ke riƙe da shi.

Sai kuma cinikin abin da ba a mallaka ba. Wanda ya riga shiga ɗaki yakan sayar wa na bayansa ko ya ba shi haya, alhali ginin na gwamnati ne, ofishin rajistar filaye kuma an dakatar da sabuwar rajista a cikinsa tun 2011, aka daɗe a haka. Ruwan saman da aka tafka a Sabha a watan Satumban 2024, wanda ya yi sanadin rasa rayuka da rushewar gidaje, ya ƙara nuna halin da unguwannin da ba su da magudana suke ciki.

Tun daga Janairun 2019 birnin yana hannun rundunar Khalifa Haftar. A 2024 majalisar da ke gabashin ƙasar ta kafa asusun raya ƙasa da sake gina Libiya ƙarƙashin ɗansa Bilƙasim Haftar, ayyukan gine-gine kuma sun farfaɗo a kudu. Duk ranar da aka waiwayi kangayen nan domin ƙarasa su, tambayoyi biyu za su taso: ina za a kai waɗanda ke ciki, kuma wa za a ba idan an gama?

Darasi daga bakin Nilu da Kano

Masar ta riga ta bi wannan hanya. Unguwar Masfiro da ke yankin Bulaƙ a bakin Kogin Nilu, kusa da ginin gidan talabijin na ƙasa a Alƙahira, tsohuwar unguwar talakawa ce a kan fili mai tsada. A 2018 aka rushe ta, aka tashi kimanin iyali 4,500. An ba su zaɓi uku: diyyar kuɗi, ko gida a rukunin Asmarat da ke Muƙaɗɗam, ko dawowa cikin sababbin benaye idan an gama. Waɗanda suka zaɓi dawowa ba su wuce kusan iyali 900 ba. An samu gine-gine masu kyau, amma unguwar da mutane suka sani, da kasuwarta da zumuncinta, ta watse. Duk da haka mutanen Masfiro sun fi na Tayuri gata ta fuska ɗaya: 'yan ƙasa ne masu takarda, an ƙidaya su kafin a taɓa gidajensu.

A Kano kuwa, rukunonin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 sun ɗauki shekaru da yawa daga cikin gidajensu babu kowa, domin farashinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. A can kuɗi ne ya shiga tsakanin gida da mai buƙatarsa, a Tayuri kuwa takarda ce.

Hukuncin shari'a

*Raya mataccen fili.* Ya tabbata a sunna cewa wanda ya raya filin da ba na kowa ba ya mallake shi. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa gini da haƙa rijiya da dasa itatuwa da noma a cikin hanyoyin rayawa. Sai dai Imamu Malik ya bambanta: filin da ke nesa da gari ba ya buƙatar izini, na kusa da gari kuwa sai da izinin shugaba, domin jama'a na da buƙata a cikinsa. Imamu Abu Hanifa ya shar'anta izini a ko'ina, Imamu Shafi'i bai shar'anta ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa wannan babi littafi na musamman, Ta'alimur Radi. Tayuri fili ne na kusa da gari, don haka gini kaɗai bai isa ya tabbatar da mallaka ba a mazhabarmu.

*Mai ƙwace da mai shubuha.* Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san an bambanta mutum biyu. Wanda ya ƙwace fili ya yi gini ana umartarsa ya rushe, ko mai filin ya biya shi kuɗin ɓaraguzai kawai. Wanda kuwa ya yi gini bisa shubuha, yana zaton yana da haƙƙi, idan mai fili ya bayyana sai ya biya shi ƙimar ginin a tsaye. In ya ƙi, maginin ya biya kuɗin fili. In duka sun ƙi, su zama abokan tarayya gwargwadon ƙimar abin kowa. A fahimtarmu, mutanen da hukuma ta kira da bakinta, ta ɗauke su aiki, ta ga suna gini ta yi shiru shekara talatin ko arba'in, sun fi kusa da mai shubuha. Saboda haka ba ya halatta a tashe su kamar 'yan ƙwace, ko da ba su da lambar ɗan ƙasa, domin dukiyar mutum tana da alfarma ba tare da la'akari da rajistarsa ba. Yanke hukunci a kan kowane gida kuwa aikin alƙali ne.

*Shiga gidan gwamnati.* Kangayen dukiyar baitulmali ne. Wanda yaƙi ya koro da iyalinsa bai sami inda zai sa kansa ba, lalura ta ɗauke masa laifi gwargwadon lalurarsa, amma ba ta mallaka masa ginin ba. Daɗewa ma ba ta mallaka masa, domin ƙa'idar nan ta riƙon shekara goma da ke kashe da'awar mai shiru ba ta aiki a kan waƙafi da haƙƙoƙin jama'a. Wanda ya kama gini da bindiga yana karɓar haya, wannan mai ƙwace ne, abin da yake ci haramun ne. Sayar da irin wannan ɗaki sayar da abin da ba a mallaka ba ne, cinikin ɓatacce ne.

*Karɓe gida domin maslahar jama'a.* Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya faɗaɗa masallatan Makka da Madina a shekara ta 17 bayan Hijira, ya sayi gidajen da ke kewaye. A Makka, waɗanda suka ƙi sayarwa an ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. A Madina kuwa, da Abbas ɗan Abdulmuɗɗalib ya ƙi ba da gidansa, halifa bai yi masa ƙarfi ba, sai suka kai maganar gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, daga baya Abbas ya ba da gidan sadaka don kansa. A kan irin waɗannan dalilai Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta gina ƙudurinta mai lamba 29, a zamanta na huɗu a Jidda cikin Fabrairun 1988, daidai da 1408 bayan Hijira. Ta gindaya sharuɗɗa: a biya diyya ta adalci nan take, wadda masana suka ƙiyasta, kada ta gaza farashin kasuwa, mai karɓewar ya zama shugaba ko wakilinsa, a yi domin buƙatar jama'a ta gaske, kamar masallaci da hanya da gada, kada a juya wurin zuwa harkar neman riba, kada kuma a karɓe tun lokacin buƙata bai zo ba. Idan aka fasa aikin, mai wurin na asali ko magadansa su suka fi cancantar a mayar musu. Mai karatu ya auna da kansa: rushe unguwar talakawa domin a gina benayen sayarwa ga masu hali, shin ya cika sharaɗi na huɗu?

*Bene da sirrin maƙwabci.* Gidajen Tayuri irin namu ne, tsakar gida a buɗe, mata na aikinsu a ciki. Bene mai hawa huɗu a gefensu yana tone wannan sirri. Masu tarihin Masar sun kawo cewa da Kharija ɗan Huzafa ya gina soron sama na farko a Fusɗaɗ, Sayyidina Umar ya rubuta wa Amru ɗan Asi cewa a sa gado a ƙarƙashin tagar, mutum ya hau, in yana hango cikin gidajen maƙwabta a rushe soron. Ibnur Rami, wani magini masanin fiƙihu da ya rayu a Tunis a ƙarni na takwas bayan Hijira, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Tushensu duka shi ne ƙa'idar hana cuta da cutarwa. Nauyin kauce wa leƙe yana kan wanda ya zo daga baya.

Abin da ya kamata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a taɓa kango ko unguwa, ya kamata a fara ƙidaya mazauna gida-gida tare da dattawa da limaman kowace ƙabila, a warware fayilolin da suka shekara arba'in suna jiran sa hannu, a bayyana ƙa'idar rabo a fili tun kafin a gama gini. In ba haka ba, sabon bene zai zama sabon abin faɗa. Sau da yawa ma shigar da ruwa da magudana da titi cikin unguwar da mutane suke ya fi sauƙi da amfani a kan kwashe su zuwa wani wuri.

Ga 'yan'uwanmu mazauna Sabha da masu niyyar zuwa, nasiharmu ita ce: kada ku sayi ɗaki ko fili daga wanda ba shi da hujjar mallaka sai ƙarfin bindiga, domin dokar ƙasar ba ta buɗe wa baƙo ƙofar mallakar gida ba, kuɗin zai tafi a banza ga kuma zunubi. Ku rubuta yarjejeniyar haya da ta aikin gini a gaban shaidu. Ku sani doka mai lamba 19 ta 2010 tana hukunta wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba da wanda ya ba shi masauki, don haka ku nemi takardunku ta hannun ofishin jakadancin ƙasarku da shugabannin al'umma. Kada ku shiga faɗan ƙabilun da kuka tarar, ku zama masu sulhu inda kuka sami iko. Magini kuma ya ji tsoron Allah a siminti da rodi, domin rayukan mutane ne za su kwana a ƙarƙashin dakin da ya zuba.

Allah Ya ba mutanen Fazzan zaman lafiya, Ya suturta marasa muhalli a duk inda suke, Ya ba shugabanni ikon yin adalci. Allah ne mafi sani.